Kalangu ko sifika? Amsa ga angon da ke lissafin kuɗin biki

Wani ƙanenmu daga unguwar Aboabo a Kumasi ya aiko da wannan tambaya:

"Anti, salamu alaikum. Aurena saura wata biyu. Na riga na yi ciniki da mai sifika, zai zo da kayansa ya sa mana duk waƙar da muke so. Sai Mma, mahaifiyata, ta ce ita fa ranar wuni sai an kawo masu kalangu da zabiya. Kuɗinsu ya kusa ninka na mai sifika, ban da liƙi. Tun rasuwar Baba bara waccan ba ta sa baki a komai, wannan ne abu na farko da ta kafe a kai. Ni dai ban ga bambanci ba, waƙa ai waƙa ce, ta waya ma ta fi fita tsaf. Ke da kike aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai wani amfani na gaske a ciki, ko al'ada ce kawai?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya, ya jiƙan Baba.

Ka kawo su. In kuɗin ne ya yi wuya, ka rage wani abin, zan gaya maka wanne a gaba. Amma tunda dalili ka tambaya, ka gyara zama, don maganar tana da ɗan tsawo. Na yi shekara 20 da 'yan kai ina jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Kumasi, kafin nan kuma a ɗakin kakata na tashi, wadda mata ke ɗauka gidan biki ta yi musu kiɗan ƙwarya. Abin nan na gan shi ta fuska biyu.

Ka taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ka lura da inda idonsa yake? Yana kan ƙafafun mutane. Hannunsa ya san gangar, ba ya buƙatar kallonta. Kalangu yana rataye a hammata, fata biyu ce baki da baki, igiyoyin fata sun haɗa su. In ya matse da damtse murya ta hau, in ya saki ta sauka, shi ya sa yake iya bin hawa da saukar maganar Hausa har ka ji ganga ta kira suna. To, ga wata tsohuwa can a gefe kan benci, ta zo ne don kar a ce ba ta zo ba. Sai ya tako a hankali ya rusuna gabanta, ya soma taken gidansu. Zabiya ta ɗauka: 'yar masu goro, jikar fatake, waɗanda suka taka hanyar Salaga da ƙafa. Tsohuwa ta kaɗa hannu, ku rabu da ni, gwiwa. Ba zai tafi ba. Zai sassauta kiɗan ne, ya ja shi ƙasa har ya yi daidai da abin da gwiwar za ta iya. Ta miƙe, taku biyu, taku uku, kafaɗa ta ɗan motsa. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta zo ta share mata fuska da bakin mayafi, jika ya manna mata sidi, kuɗinmu na Gana, a goshi. Duka bai fi minti uku ba. Ta koma ta zauna tana haki tana dariya, kuma har a watse ana zuwa gaishe ta.

Yanzu ka sa sifika a wurin. Waƙar da aka ɗauka a ɗakin naɗa sauti ta fi wannan tsafta nesa ba kusa ba, gaskiyarka. Sai dai ba ta san tsohuwar tana wurin ba. Gudun da take yi a Legas shi take yi a Aboabo, ko filin ya cika ko babu kowa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ni kuma ina ƙarawa da cewa dalilin shi ne mai ita yana ganinka, yana gyara ta saboda kai.

Masu bincike sun auna wannan abin da na'ura. A 2024 wasu masana a Jami'ar Zurik ta Siwizalan suka sa mutum 27 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, mai fiyano yana yi musu kiɗa kai tsaye. Dabarar da suka yi ita ce, makaɗin yana ganin alamar yadda wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwar mai sauraro, wanda ke kula da motsin rai, yake amsawa, sai ya riƙa ƙara ƙarfi ko sassautawa gwargwadon abin da ya gani. Daga baya aka sa musu irin waɗannan kiɗe-kiɗe a naɗe. Na kai tsayen ya fi motsa wannan sashe, kuma motsin ya fi ɗorewa. Mutum 27 ba su da yawa, kar ka ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Abin da ya ba ni dariya da na karanta shi ne, sun kashe kuɗi masu yawa don su ba mai fiyano abin da mai kalangunmu yake samu kyauta daga kallon ƙafa.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan, na makaɗi da wanda ake yi wa. Ɓangaren da ya fi girma a wajena shi ne abin da ke faruwa tsakanin mutanen da ke filin su da kansu.

Kiɗanmu ba a gina shi don 'yan kallo ba. Akwai mai bayarwa, akwai 'yan amshi, akwai masu tafi, akwai mai guɗa, kuma a gidan biki kowa yana faɗawa cikin ɗaya daga ciki ko bai shirya ba. Marigayi Farfesa Kwabena Nketia, ɗan Mampong da ya rasu a 2019, ya shafe shekaru masu yawa a Jami'ar Gana da ke Legon yana nazarin kiɗan Afirka, kuma abin da ya yi ta nunawa ke nan: a wajenmu kiɗa sha'ani ne na jama'a, tare ake yin sa. Jiki kuwa yana bambance wanda ya yi da wanda ya ji. Farfesa Robin Dunbar na Jami'ar Oksfod da abokan aikinsa sun daɗe suna bin wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki mai suna endofin, wanda ke rage zafin ciwo ya kuma kawo natsuwa. Auna shi kai tsaye yana da wuya, sai suka bi ta bayan gida: a duba yawan zafin da mutum zai iya jurewa kafin abu da bayansa. A wasu gwaje-gwajen da abin awon jinin nan da muke ɗaura wa marasa lafiya a damtse suka yi, a yi ta hura shi har mutum ya ce ya isa. A binciken da suka fitar a 2012, waɗanda suka yi waƙa ko rawa ko kiɗa da kansu juriyarsu ta ƙaru, waɗanda suka zauna suka saurara kawai ba su samu irin wannan ƙarin ba. Daga baya suka ga cewa in motsin mutane ya zo ɗaya, ƙafa tana sauka tare, abin ya fi ƙarfi, kuma mutanen suna fitowa suna jin sun fi kusa da juna.

Kakannin kakanninmu ba su san sunan endofin ba, amma sun san a gayyar noma in babu ganga kunyar gona ba ta ƙarewa da wuri. Mahauta suna da kalangunsu, 'yan dambe suna da nasu, mata masu daka suna lugude, taɓarya tana amsa taɓarya. Ko kai, in ka je filin Baba Yara kallon ƙwallon Kotoko, ka faɗa cikin masu jama, wato waƙar magoya baya, awa biyu kana tsaye cikin rana ba ka ji ba. Ka kalli wasan nan a waya a ɗaki, minti ashirin bayanka ya fara ciwo.

Numfashi ma yana da nasa. A 2013 wasu masu bincike a Gotenbag ta Suwidin suka sa na'urar bugun zuciya a jikin mawaƙan da ke rerawa tare, suka ga bugun yana hawa yana sauka lokaci ɗaya. Babu sihiri a ciki: baiti yana tilasta wa kowa ya ja numfashi a wuri ɗaya ya sake shi a hankali, fitar da numfashi a hankali kuwa yana kwantar da zuciya. Mu a asibiti muna koya wa masu firgici su ja numfashi su sake shi sannu-sannu, mu yi ta fama kafin su iya. Amshin waƙa yana sa mutum ya yi hakan bai ma sani ba. A Ingila kuma an taɓa ɗibar yawun mutum 117 kafin su shiga taron kiɗa da bayan sun saurara, a 2016 aka buga sakamakon, aka ga kotisol, sinadarin da ke hawa in hankali ya tashi, ya sauka.

Wanda na fi so duk cikinsu na jarirai ne. A Jami'ar McMaster ta Kanada, a 2014, aka ɗauki yara 'yan wata 14, ana rausaya su da kiɗa, wata baƙuwa tana tsaye gabansu ita ma tana rausayawa. Wasu yaran motsinta ya zo daidai da nasu, wasu ya saɓa. Bayan nan sai ta yi kamar abu ya suɓuce mata ya faɗi. Yaran da ta yi motsi daidai da su sun fi miƙa mata abin. Yaron da ko magana bai iya ba ya riga ya ɗauki wanda ya yi rawa tare da shi a matsayin nasa. Ka tuna da wannan ranar bikinka in ka ga mata suna rawa da goyo a baya.

Kada na cika maka kunne da Turawa. Gaskiyar da ya kamata na faɗa ita ce yawancin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma abin da suke aunawa na ɗan lokaci ne, awa ɗaya ko kwana ɗaya. Mutanen Oksfod ɗin nan ma da suka bi azuzuwan manya har wata bakwai, sun ga 'yan ajin waƙa sun fi saurin shaƙuwa a watan farko, amma zuwa ƙarshe 'yan ajin sana'ar hannu da na rubutu sun kamo su. Ma'ana waƙa tana saurin fasa ƙanƙarar baƙunta ne, sauran aikin zumunta yana nan yana jira. To amma ka duba abin da biki yake: dangi biyu da ba su san juna ba, an ba su yini ɗaya su zama ɗaya. Gwaggonninka da na amarya ba su da wata bakwai. Abin da ke aiki da sauri shi suke buƙata.

Ƙasar nan tamu ta Gana ta taɓa gwada rayuwa babu makaɗa, kuma waɗanda suka girme ka suna tunawa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an sa dokar hana fita da dare wadda ta kai har 1984. Kafin nan Akra da Kumasi cike suke da ƙungiyoyin kiɗan hailaif masu ƙaho da jita, da 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari da makaɗansu. Dare ne kasuwarsu, aka rufe daren. Wasu suka tafi Najeriya, wasu Jamus da Ingila, da yawa suka koma kiɗa a coci don nan ne kaɗai sauran wurin da ake buƙatarsu. Da aka ɗage dokar, gurbin da suka bari sai masu sifika suka cike shi, waɗanda ake kira sifina, domin mutum biyu da akwatuna sun fi mutum goma sha biyar araha. Lissafin da kake yi yau shi masu gidajen rawa suka yi shekara 40 da suka wuce. Ban ce sun yi wauta ba, aljihu ne ya yi magana. Illa dai an wayi gari yara da yawa sun tashi ba su taɓa ganin an yi kiɗa da hannu a gabansu ba sai a coci ko a fada.

Na biyun kuwa kai ma ka gani. A Maris 2020 aka hana taruka, aka rufe masallatai da coci-coci, jana'iza ba a wuce mutum 25, daga ƙarshen watan kuma aka kulle Akra da Kumasi mako uku. Waƙa ba ta yi ƙaranci ba a lokacin, kowa yana da ita a waya fiye da yadda zai iya ji. Amma a watannin da suka biyo baya, abin da tsofaffin mata suka riƙa faɗa mini a ɗakin duba marasa lafiya kusan iri ɗaya ne: ba barci, jiki ya yi nauyi, rai ba daɗi, ba kuma su san me ke damun su ba. In na bi diddigi sai na tarar wadda a da kowane mako tana da suna ko wuni ko maulidi, yanzu daga ɗaki sai tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2025 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma kaɗaicin yana da alaƙa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa. Mu a zango muna ganin kamar wannan ciwon Turawa ne, tunda gidan haya ɗaya mutum talatin. Ana iya kaɗaici cikin mutum talatin, in babu wanda ya kira sunanka don wani abu ban da aike.

Dubi maƙwabtanmu Tonawa, ba su yarda sun saki nasu ba. Duk kwana 42 ana bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkinsu, gangunan fontomfrom da kete suna tashi, gangar atumpan tana kiran sunayen sarakunan da suka shuɗe. Ranar Asabar kuwa ko ta wace unguwa ka bi sai ka ci karo da jana'iza, mutane sanye da baƙi da ja, ana rawar adowa. Ka lura da mai rawar adowa: hannunta magana yake yi, tana faɗin maraici ko dogaro ga Allah, makaɗi yana bin ta, wani daga gefe ya ɗaga mata yatsu biyu alamar yabo. Mu ba ma kiɗa a makoki, addininmu ya ba mu wata hanyar, ta addu'a da zaman gaisuwa. Amma na fahimci abin da suke yi: suna ba baƙin ciki wurin da zai fita a gaban jama'a. Mutanen Ga a Akra kuma sukan hana kiɗa da hayaniya na tsawon kusan wata guda gabanin bikinsu na Homowo, sai ranar da za a ɗage a buga ganga a unguwar Gbese gari ya ɗauka. Wanda ya san ya hana abu wata guda don a ji daɗin dawowarsa ya san darajar abin.

Na san a cikin abokanka akwai wanda zai ce maka duk wannan haramun ne. Ni ba malama ba ce, kuma malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Abin da kowa ya sani dai shi ne hadisin da ke cikin Bukhari, inda Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta ko ba su da abin nishaɗi, domin mutanen Madina suna son sa. Kuma abin da nake bayani bai tsaya ga kalangu ba. Duk wanda ya zauna a da'irar zikiri da yammacin Juma'a, ko ya kwana a maulidi ana rera Ishiriniya, murya ɗari tana sauka a gaɓa ɗaya, ya san abin da nake nufi.

A nan ne ma na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk aikina. Wani dattijo ne da gigin tsufa ya ci ƙarfinsa, ya daina gane 'ya'yansa, in an yi masa magana sai kallo. 'Yarsa ta sa masa karatu da ƙasidu a waya kusa da kunne, ba ya ko juyowa. Wata rana abokan zikirinsa uku suka zo dubiya, suka zauna a bakin gado, ɗaya ya kama hannunsa, suka soma baitin da suka saba, ƙasa-ƙasa don kar su dami na kusa. Da suka zo wurin amshi sai suka ɗan dakata, yadda aka saba ba wa na kusa dama. Leɓensa ya motsa. Zagaye na biyu murya ta fito, a shaƙe amma baitin daidai. 'Yar ta fita waje da gudu tana kuka. Bai warke ba, washegari ya koma yadda yake. An san cewa waƙar da mutum ya haddace tun yana saurayi tana cikin abubuwan da wannan ciwo ke jinkirin taɓawa. Amma ita ma wayar baitin nan take rerawa. Abin da ba ta yi ba shi ne dakatawar nan, ba ta jira shi ba.

Yanzu kuma aibin, don kar ka ce na ɓoye. Maroƙa suna da halinsu. In ba a yi magana da su tun farko ba za su tsare baƙonka da kirari har ya ji kunya ya zaro kuɗin motarsa, wanda ya hana kuma a bi shi da habaici. Liƙi ya zama gasa, na san matan da suka ci bashi don a gan su a fili. Ga kuma ƙara. Abin takaici, yanzu masu kalangun ma sai su ce a sa musu makirfo a haɗa da manyan akwatuna, a ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana iya ɗaukar ƙarar da ta kai desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ka kai 100, abin da ake samu a gaban manyan sifikoki, rabon mako guda bai kai rabin awa ba. Jijiyoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. In ka fito daga biki kunnenka yana ƙugi, gargaɗi ne. Sau nawa na ga an ajiye tsofaffi da masu goyo a layin gaba, daidai bakin akwati, wai girmamawa. Kuma ƙarar tana kashe ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa: in mutum ba ya jin muryar na kusa da shi ba zai yi amshi ba, in ba ya jin tafinsa zai daina.

Sai maganar Mma, wadda a ganina ita ce ainihin tambayarka ko da ba ka sa ta a gaba ba. Mace ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta fito, mutane suka koma harkokinsu, ita kuma ta ci gaba da zama kamar ba ta fito ba. Shekara da rabi ba ta nemi komai ba, yau ta nemi abu ɗaya. A aikinmu, ranar da mai irin wannan hali ya ce ina son kaza, rana ce da muke rubutawa a fayil. Ina kyautata zaton ba sautin kalangu take kewa ba. Tana so ne a kira ta a gaban jama'a da sunan uwar ango, a ambaci mijinta, a ambaci ubanta, ta tashi, ƙawayenta su kewaye ta. Hanyar komawa cikin mutane take nema, ta kuma zaɓi wadda ta sani. Kar ka yi mamaki in ta yi kuka a tsakiyar fili, kar kuma kowa ya ce a tsayar da kiɗa. Zabiyar kirki ta san yadda ake ɗaukar mai kuka a sauke ta.

Amma ka ji ni da kyau: yini ɗaya ba ya maganin ciwon damuwa. Ka lura da ita, yanzu da bayan biki. In ba ta barci ko tana farkawa tun tsakar dare, abinci ya fita ranta, tana ramewa, ta bar abubuwan da ta saba, ko tana yawan cewa gara ta bi shi, ka kawo ta asibiti, kar ka tsaya jiran biki. Tun dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ake ta faɗaɗa wannan aiki zuwa asibitocin gundumomi, akwai ma'aikatan jinya irina da za su saurare ta, kuma zuwa wajenmu ba ya nufin hauka. Bayan biki ma sai ka fi sa ido, don in gida ya watse, baƙi suka tafi, kai kuma ka tare da amarya, shirun yakan dawo da nauyi. In tana da ƙungiyar mata ko majalisin maulidi da ta daina zuwa, wannan ne lokacin da za a roƙi ƙawayenta su riƙa biyo mata. Zumunta a ƙafa take, kuma mako-mako ya fi sau ɗaya a shekara.

Batun kuɗi. Ba sai ka kori mai sifika ba, ka bar wa abokanka shi da daddare, ka rage masa awanni da yawan akwatuna, a kuma tashi da wuri don akwai marasa lafiya da 'yan makaranta a unguwa. Masu kalangu ka ɗauke su awa biyu ko uku bayan la'asar, lokacin da manyan mata suka hallara. Ka yanka musu kuɗi tsayayye, ka gaya musu a fili cewa ba a tsare baƙo, wanda ya yi liƙi don ransa ne. Makirfo ɗaya ya isa, na zabiya, gangunan a bar su da muryarsu, tsakar gida ko layin unguwa ba filin ƙwallo ba ne. A jera kujeru a zagaye, a bar fili a tsakiya, kar a yi su layi-layi kamar taron siyasa. In har yanzu lissafi bai fita ba, ka duba kuɗin kwalliyar rumfa da robobin rabo da ake buga hoton ango da amarya a jiki. Ina da guda shida a kicin, ban iya tuna bikin wa da wa ba ne.

Abu na ƙarshe, kar ka je cinikin kai kaɗai. Ka ce wa Mma ita ta san waɗanda suka iya, ta shirya ku tafi tare. Ka bar ta ta zauna da zabiyar ta ba ta sunayen: na Baba da laƙabinsa, na iyayenta, garin da kakanninku suka baro kafin su sauka Kumasi, da na dangin amarya in ta sani. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da za ta faɗa, domin ina da tabbacin rabinsa ba ka taɓa ji ba.

Ka kuma aiko mini da katin. In ba ni da aikin dare ranar, zan zo.